Wai Batman nawa ne, kuma me ya haɗa jaruman komik da fina-finan ɓarayi?

Wane Batman ne na gaskiya, attajirin nan mai katafaren gida da motoci da dattijon bara, ko wannan sabon da aka fito da shi a 2024 wanda ba shi da ko sisin gado, ma'aikaci ne kawai a birnin Gotham? Ya aka yi Spider-Man da muka sani ɗan saurayi mai fama da kuɗin haya ya koma magidanci da mata da yara biyu? Sannan ta yaya za a yi fim mai dogon zango har kashi 8, wato The Penguin, a garin Batman amma Batman ɗin ko inuwarsa ba a gani ba, sai 'yan daba da dillalan ƙwaya? Waɗannan tambayoyin ake ta musu a kai, wasu na cewa an ɓata labari, wasu na cewa kamfanonin sun ƙare basira ne suke ta juya tsohon tuwo, kuma kowanne ɓangare yana da 'yar gaskiyarsa, sai dai akasarin masu musun ba su san yadda sana'ar take tafiya ba.

Yadda sana'ar take

Komik ɗin Amurka irin na jarumai ba littafi ba ne guda da mutum ɗaya zai zauna ya rubuta ya kai ƙarshe. 'Yar mujalla ce ta zane mai shafi 20 da 'yan kai, tana fitowa wata-wata da lamba a jiki, ana sayar da ita wajen dala 4 zuwa 5, marubuci daban mai zane daban mai saka kala daban, kuma duk cikinsu babu mai mallakar jarumin. Kamfani ne mai shi. DC ke da Superman da Batman da Wonder Woman, Marvel ke da Spider-Man da Daredevil da su Iron Man, kuma tun 2009 Disney ta saye Marvel ɗin a kan kusan dala biliyan 4.

Abin ya samo asali tun farko. Superman ya fara fitowa a Action Comics lamba ta 1 a 1938, kuma samarin nan biyu da suka ƙirƙire shi, Jerry Siegel da Joe Shuster, dala 130 aka ba su suka sallama shi, suka kuma shafe shekaru suna shari'a daga baya. Batman ya biyo a 1939 a Detective Comics lamba ta 27, shi ma Bill Finger da ya yi babban aiki wajen gina shi sai 2015 aka fara sa sunansa a hukumance, shekaru da dama bayan ya mutu. Spider-Man kuwa 1962 ne, daga Stan Lee da Steve Ditko. To jarumin da yake kadara ce ta kamfani, ana sayar da riguna da jakar makaranta da wasan kwamfuta da sunansa, ba zai yiwu a bar shi ya tsufa ba, balle ya mutu mutuwar da ba dawowa, balle ya ce ya gaji ya yi ritaya. Kamar Gizo ne a tatsuniya, yau ya sha dukan kawo wuƙa a gidan sarki, gobe a wata tatsuniyar ga shi garau yana shirya wata dabarar, ba wanda ke tambayar ina raunin jiya. Bambancin kawai shi ne masu karanta komik suna tambaya, suna ajiye lissafi, kuma kamfanin ya yi musu alkawarin cewa duk labaran nan a jere suke, abin da ya faru a lamba ta 100 yana nan daram a lamba ta 700.

Nan matsalar take. An kashe Superman a ƙarshen 1992, mutane suka yi layi suna saye, wasu ma suna ajiyewa wai zai yi tsada nan gaba, kafin shekara ta zagayo ya dawo. Peter Parker, wato Spider-Man, ya auri Mary Jane a 1987, suka yi shekara 20 da aure a takarda, sai manyan Marvel suka ga ai magidanci ba zai ja yara ba, a 2007 aka shirya labarin One More Day inda ya yi ciniki da wani shaiɗani mai suna Mephisto aka shafe auren kamar ba a taɓa yi ba domin a ceci ran gwaggonsa May. Har yau akwai masu karatun da ba su yafe wannan ba, kuma ni ma ina ganin suna da gaskiya, don wulaƙanci ne ka sa mutum ya bi abu shekara 20 sannan ka ce masa ai ba a yi ba.

Me ya sa ake ta sake farawa daga lamba ta 1

Idan labari ya tara shekara 60 ko 80 yana tafiya, sabon mai karatu ba ya sanin ta inda zai shiga. Mafita biyu kamfanonin suke da ita. Ta farko a rushe komai a sake gini, kamar yadda DC ta yi da Crisis on Infinite Earths a 1985 zuwa 1986, ta sake yi a 2011 da New 52 inda ta mayar da mujallu 52 lamba ta 1 a wata guda, sai tsoffin masu karatu suka yi ta ƙorafi har a 2016 ta dawo da wasu abubuwan da ta zubar. Ta biyu kuma a bar tsohon labarin yana tafiya abinsa, a buɗe wata duniya daban a gefe inda marubuci zai yi abin da ya ga dama ba tare da ya taɓa kadarar ba. Marvel ta yi haka a 2000 da Ultimate na farko, can ne ma Miles Morales, wani sabon Spider-Man, ya fito a 2011, kafin a rufe waccan duniyar a 2015.

Abin da muke gani yanzu hanya ta biyun ce, kuma kamfanonin biyu kusan a lokaci ɗaya suka bi ta. Saboda haka amsar tambayar farko mai sauƙi ce, Batman attajiri yana nan ana buga shi duk wata, talakan kuma yana wata duniyar daban da ake kira Absolute, babu wanda ya kore wani.

Batman talaka da Spider-Man magidanci

Absolute Batman ya fara a Oktoba 2024, Scott Snyder ke rubutawa Nick Dragotta ke zanawa. An cire wa Bruce Wayne, wato Batman, duk abin da muka san shi da shi. Babansa malamin makaranta ne da aka harbe ranar da ya kai ɗalibai gidan zu, mahaifiyarsa Martha tana raye, shi kuma ya taso a unguwar talakawa, ya yi karatun injiniya ya yi aikin birni har ya san kowane lungu da kowane bututu na Gotham. Alfred ba bara ba ne a nan, tsohon ɗan leƙen asiri ne da aka turo garin da aiki. Waɗanda muka sani a matsayin bosawa, irin su Harvey Dent da Oswald Cobblepot da Edward Nygma da Waylon Jones, abokan ƙuruciyarsa ne da suka taso tare, mai kuɗin kuma shi ne Joker, babban abokin gabar Batman. Wato an juya abin kai ƙasa, kuɗi da mulki suna hannun mugaye, akta kuwa shi ne mai ƙaramin ƙarfi duk da cewa an zana shi ƙato kamar ƙofar gari, tambarin jemagen da ke ƙirjinsa ma cire shi yake yi ya zama gatari.

A ganina zanen ya fi rubutun ƙarfi. Dragotta yakan cusa ƙananan hotuna barkatai a shafi ɗaya har ka ji faɗan yana maka gudu a ido, sannan kwatsam ya sake maka shafi guda cur da hoto ɗaya. Labarin kuma hayaniya ta yi masa yawa, kowace fitowa ana so a fi ta baya jini da girma, kuma akwai inda na ji talaucin Bruce ɗin na baki ne kawai, don wanda ke ƙera irin waɗannan kayan faɗan da waccan motar mai girman gida ba a ce masa talaka kai tsaye. Amma abotar nan da yaran unguwa ta ba labarin nauyi, tunda mai karatu ya riga ya san inda kowannensu zai ƙare, yana kallo ne kawai yana jiran ranar. Kasuwa kuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu, lamba ta 1 an yi ta sake bugawa. A wannan layin dai wanda ya fi kwanta min shi ne Absolute Wonder Woman na Kelly Thompson da Hayden Sherman, inda Diana, wato Wonder Woman ɗin, ta taso a lahirar tatsuniyoyin Girka a hannun matsafiya Circe maimakon tsibirin mata.

Ultimate Spider-Man ya riga shi fitowa, Janairu 2024, Jonathan Hickman da Marco Checchetto. A nan wani mugu da ake kira Maker ne ya koma baya ya hana gizo-gizon cizon Peter yana yaro, cizon da zai mayar da shi Spider-Man, sai ya girma mutum kamar kowa, ya auri Mary Jane, suka haifi Richard da May, yana da shekara 35 sannan aka aiko masa da saƙo cewa an sace maka rayuwar da ya kamata ka yi, ga gizo-gizon in kana so. Kawu Ben wanda mutuwarsa ce ginshiƙin tsohon labarin yana nan da ransa, ɗan jarida ne, shi da J. Jonah Jameson suka bar jaridar Daily Bugle da ke hannun wani uban daba Wilson Fisk suka buɗe tasu jaridar, kuma maganar gaskiya hirar dattawan nan biyu ta fi faɗan daɗi. Masu suka suna cewa labarin ba ya sauri, fitowa guda sai ta ƙare a kan teburin cin abinci ana hira, kuma haka ne. Sai dai an tsara shi ne wata ɗaya a labari daidai da wata ɗaya a duniya, yara suna girma, abin da ya faru ya faru, kuma an sa masa iyaka tun farko da yake a labarin an kulle Maker ɗin ne na wata 24 kawai. Wannan iyakar ita ce duk sirrin. Labarin da ya san zai ƙare yana iya barin mutanensa su canza, babban layin Spider-Man kuwa ba shi da wannan damar, dole kowane marubuci ya mayar da kaya inda ya same su kafin ya tafi.

Ina ɓarayi suka shigo

Dangantakar jaruman komik da labaran masu laifi tsohuwa ce. Batman a mujallar labaran 'yan sandan ciki aka haife shi, sunan DC ɗin ma daga Detective Comics ya fito. A ƙarshen shekarun 1940 komik na laifi da kisa sun yi kasuwa sosai a Amurka har iyaye suka tayar da hankali, wani likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya fitar da littafi a 1954 yana ɗora wa komik alhakin lalacewar yara, majalisar dattawa ta zauna a kai, kamfanonin suka ji tsoro suka kafa wa kansu dokar tace labari a wannan shekarar. Cikin sharuɗɗan akwai cewa ba a nuna mai laifi ta yadda za a tausaya masa, kuma dole alheri ya yi nasara kowane lokaci. Marvel ta fita daga tsarin a 2001, DC a 2011. Talabijin kuma ta daɗe da gano cewa mai kallo yana son zama a ɓangaren masu laifi na awa ɗaya.

Amma akwai iri biyu da mutane ke haɗawa wuri ɗaya. Akwai labarin fashi da dabara, inda ake tara gwanaye, kowa da fanninsa, a zana shiri, shirin ya lalace a tsakiya, sai a ƙarshe a nuna maka ai lalacewar ma tana cikin shirin. La Casa de Papel, wanda aka fi sani a nan da Money Heist, shi ne misalin da kowa ya sani, ya fara a tashar Antena 3 ta Sifaniya a 2017 kafin Netflix ta ɗauke shi ya game duniya ya ƙare a Disamba 2021, Farfesa da yaransa masu sunayen birane suka shiga gidan buga kuɗi da niyyar buga yuro biliyan 2.4. Haka Lupin na Faransa da ya fara a Janairu 2021, Omar Sy ya fito a Assane Diop, ɗan wani direba ɗan Senegal da attajirin ubangidansa ya ƙulla wa sharrin satar sarƙa. Ƙa'idar wannan irin guda ce, dole wanda za a yi wa sata ya fi ɓarayin mugunta ko kuma ya zama hukuma marar fuska, in ba haka ba mai kallo ba zai bi su ba. Shi ya sa Farfesa ke ta nanata cewa ba kuɗin kowa suka ɗauka ba, bugawa suke yi.

Iri na biyu labarin ɗan daba ne mai neman hawa sama, kuma can The Penguin yake. HBO ta fitar da shi a Satumba 2024, kashi 8, ya ɗora daga inda fim ɗin The Batman na 2022 ya tsaya, ruwa ya ci unguwannin talakawan Gotham, babban uban daba Carmine Falcone ya mutu, kujera ta zama babu kowa. Colin Farrell da aka lulluɓe da kwalliya har ba ka gane shi ya fito a Oz Cobb, wato Penguin ɗin, gurgu mai daɗin baki da kowa ya raina, tun a kashi na 1 ya harbe magajin gidan Falcone saboda ya yi masa dariya. Kashi na 4 shi ne ƙololuwa a wurina, wanda aka koma baya aka nuna yadda Carmine ya sa aka kulle 'yarsa Sofia Falcone shekara 10 a gidan mahaukata na Arkham don ta gano sirrinsa, da abin da ta yi wa dangin da suka sa hannu. Cristin Milioti ta ci kyautar Emmy a kan wannan rawar ta Sofia, Farrell ya ci Golden Globe. Wanda bai kalla ba ya tsallake jimla mai zuwa. Abin da ya raba shi da su Money Heist shi ne ya bar ka ka so Oz kashi bakwai, yana maganar talakawa yana riƙe da yaron nan Victor kamar ɗansa, sannan a kashin ƙarshe ya shaƙe yaron da hannunsa, ya nuna maka wanda kake ta goyon baya tun farko. Da Batman ya shigo a tsakiya da labarin ya koma na waye zai ci faɗa, rashinsa ne ya ba da filin.

Wani lokaci kuma irin biyun suna haɗuwa a cikin fim ɗin jarumi kansa. Daredevil: Born Again da Disney+ ta fitar a Maris 2025, inda Wilson Fisk ya zama magajin garin New York, kashi na 5 gaba ɗaya a banki aka yi shi. Matt Murdock, makahon lauyan da shi ne Daredevil, ya je neman bashi aka hana shi, yana fita 'yan fashi suka shiga, ya koma ciki da sandarsa kamar wanda ya ɓata hanya ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya sa kayan Daredevil ba. Wasu sun ce ɓata lokaci ne don bai matsar da babban labarin ba. Ni kuwa shi na fi jin daɗi a zangon, yana da farko yana da ƙarshe, ka kalla ka tashi, abin da fina-finan yanzu suka manta yadda ake yi.

Inda masu sharhi suke saɓawa

Rigimar farko ta awo ce. Yawancin marubutan komik yanzu suna rubuta labari ne mai fitowa 5 ko 6 da za a haɗa a littafi ɗaya daga baya, to wanda ya ɗauki fitowa ta 3 kaɗai ya yi mata hukunci kamar ya karanta babi ɗaya ne daga tsakiya. Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa ai kuɗi na biya na wannan fitowar, dala 5 a kan minti 10 na karatu, ina da haƙƙin in ce ba ta ƙoshar da ni ba. Masu bin fina-finai masu dogon zango na Kannywood mako-mako sun san wannan jin, kashin da aka ƙare ba a yi komai ba sai kallon-kallo da kiɗa. Ina tare da ɓangare na biyu, duk abin da aka sayar shi kaɗai ya kamata ya iya tsayawa shi kaɗai ko da kaɗan ne.

Rigima ta biyu ta tarbiyya ce, kuma ba ta wasa ba ce ga wanda yake zaune inda fashi da satar mutane ba labarin talabijin ba ne. Masu kare irin waɗannan fina-finan suna cewa daɗin dabarar ake kallo ba laifin ba. Ni dai na fi tsoron wanda ke nuna sata tsaf-tsaf ba wanda ya ji ciwo sai miyagu fiye da wanda ke nuna ƙazantar abin ƙiri-ƙiri, duk da na biyun ya fi jini. Kuskuren da aka fi yi a gidaje shi ne ganin sunan Batman ko zanen katun sai a ɗauka na yara ne a tura musu a waya. The Penguin da Born Again duk na manya aka yi musu alama, Absolute Batman ma ba na ɗan firamare ba ne.

Me ya shafi mai karatu da mai kallo

Wanda yake son shiga ba sai ya san tarihin shekara 80 ba, don haka aka buɗe waɗannan layukan. Ya nemi littafin farko da aka haɗa, na Absolute Batman fitowa 6 ne na farko, ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba a kan bin 'yan mujallun ɗai-ɗai, musamman in ka lissafa da canjin dala na yau. The Penguin ana iya kallonsa ko ba a ga fim ɗin 2022 ba, mintunan farko sun yi bayanin abin da ake buƙata. Ita kanta kasuwar takardar a Amurka tana cikin rawa, kamfanin Diamond da ya shafe shekaru kusan shi kaɗai ke rarraba komik ga shaguna ya shigar da takardar karyewar arziki a Janairu 2025, bayan DC da Marvel sun riga sun janye daga hannunsa.

Akwai kuma wani abu da ke tafe wanda ya sa nake ganin za a ƙara samun Batman iri-iri ba raguwa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka shekara 95 take ba irin waɗannan ayyukan, shi ya sa Mickey Mouse na farko ya fita daga hannun Disney a 2024. Da wannan lissafin Superman na 1938 zai zama na kowa a 2034, Batman na 1939 a 2035, wato kowa zai iya rubuta labarinsa da waccan siffar ta asali, ko da yake tamburan kasuwanci da duk abin da aka ƙara daga baya suna nan a hannun kamfani. Batman mai gatari a ƙirji da aka ƙirƙira a 2024 kuwa DC za ta riƙe shi har cikin ƙarni mai zuwa.